Yaya ake haɗa man shafawa da madarar akuya ba tare da ya lalace ba?

Maman Safiyya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kiwon jajayen awaki a gida, kuma tun da suka haihu muke samun rarar madara, ga shi yarana ba sa son ƙarninta. Da na ji ana cewa tana tausasa fata, sai na narka man kaɗanya da kakin zuma, na zuba madarar na buga sosai, amma ba a jima ba ruwa ya kwanta a gindin kwalba, saman kuma ya fara warin tsami. Hunturu na ƙaratowa, ga kaushi yana damun mahaifiyata. Don Allah wanda ya san aikin ya yi mini bayani.

Anti Mai Sabulu:
Wa alaikumus salam Maman Safiyya. Matsaloli biyu ne suka haɗu miki. Mafi yawan madara ruwa ne, kuma kakin zuma shi kaɗai ba ya iya riƙe ruwa da mai wuri guda, don haka sai kin nemi kakin da aka yi musamman don wannan aiki, wanda masu sayar da kayan haɗi ke kira imalsifayin waks. Matsala ta biyu ta fi girma: madara abinci ce, sukari da furotin ɗin da ke cikinta su ne cimar ƙwayoyin cuta da funfuna, kuma a zafinmu suna iya cika kwalba tun kafin hanci ya ji wari.

Ga yadda nake awo a kan giram 100: tataccen ruwa 63, madara 10, man kaɗanya 15, man kwakwa 6, kakin haɗi (wato imalsifayin waks ɗin) 5, maganin hana lalacewa 1. Ki ɗumama ruwa da madara a tukunya ɗaya, mayuka da kaki a wata, har kowanne ya kai kimanin digiri 70 a ma'aunin Salshiyas, sannan ki haɗa ki yi ta bugawa har ya yi fari ya yi kauri kamar kindirmo. Sai ya huce ya zama ɗumi-ɗumi za ki zuba maganin. Wanda aka fi samu yana ɗauke da wani sinadari mai suna fenoksi-itanol, wanda dokar Tarayyar Turai ta ce kada ya wuce kashi 1 cikin 100 a kayan shafawa. Bitamin E ba ya maye gurbinsa, aikinsa kawai jinkirta lalacewar mai ne. Ki auna da sikeli, ba da cokali ba.

Malamin Dabbobi:
Hajiya, kada ɗanyar madara ta shiga wannan haɗi. Awaki suna ɗaukar bakkale, cutar da ke sa su ɓari, kuma ƙwayarta tana iya shiga jikin mutum ta fatar da ta tsage, alhali tsagaggiyar ƙafa ce kike son shafawa. A tace madarar, a riƙe ta a digiri 63 na minti 30, ko kuma a tafasa ta idan babu ma'aunin zafi.

Hajiya Babba:
'Yata, ni dai ban goyi bayan zuba madara a man da zai zauna a ɗaki ba, tunda ba kowa ke da firjin da ke samun wuta kullum ba. Ga kaushin mahaifiyarki, man kaɗanya da ɗan kakin zuma ba tare da ɗigon ruwa ba ya wadatar, yana kuma yin watanni lafiya lau; ta jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, ta goge da dutsen kaushi, ta shafa, ta sa safa ta kwanta. Madarar kuwa ki yi sabulu da ita, domin ƙarfin sodar yin sabulu (kostik soda) ba ya barin ƙwayoyin cuta su rayu. Ki daskarar da ita kafin ki zuba sodar kaɗan-kaɗan, in ba haka ba zafi zai ƙona ta ta koma ruwan ƙasa. Idan kuma sayarwa kike nufi, sai kin yi rajista da hukumar NAFDAC tukuna.