Karɓa-karɓar masu shirya bikin shekara na ƙungiyar masoya

Abin da bakin masu shawara ya zo ɗaya a kai shi ne kada a sauke kwamiti gaba ɗaya. Wa'adi shekara 2, rabi su sauka duk shekara, mataimakin bana ya zama shugaban baɗi.

Wajen miƙa aiki ake yawan samun tangarɗa. In kalmar sirrin shafukan ƙungiya na hannun mutum ɗaya, ranar da ya yi fushi ko aka daina jin ɗuriyarsa, shafi ya tafi ke nan. A ba mutum 2 ikon gudanarwa, a canza kalmar ranar da tsoho ya sauka. Mai barin gado kuma ya rubuta abin da ya ɓaci cikin mako 2, tun bai manta ba.