An karya wa ƙanena haƙori, kotu ta ci mai laifin tarar dubu 20: haka dokar take?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana shari'a da ke cikinmu. Ƙanena direban adaidaita sahu ne a nan Kano, kuma watanni biyu da suka wuce wani maƙwabcinmu ya yi masa duka a kan taƙaddamar wurin ajiye babur, har ya karya masa haƙorin gaba ɗaya, ya fasa masa leɓe. Mun kai ƙara wurin 'yan sanda, aka gurfanar da mutumin a kotun majistare, ya amsa laifinsa a zaman farko, alƙali ya yanke masa ɗaurin wata uku ko tarar naira dubu 20. Kafin la'asar 'yan uwansa sun biya, ya riga mu isa gida. Mu kuwa abin da muka kashe a asibiti ya haura wannan tarar nesa ba kusa ba, ban da makonnin da yaron ya yi bai fita aiki ba. Shin haka doka ta tanada, ko kuwa akwai inda muka yi sake?

Lauyan Unguwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ƙaninka lafiya. Abu na farko da ya kamata ka nema shi ne kwafin rahoton farko da 'yan sanda suka gabatar wa kotu, wanda ake kira FIR, domin sashen dokar da aka rubuta a cikinsa shi ne ya shata wa alƙali iyakar hukuncin da zai iya yankewa. Kundin dokar laifuka na Penal Code, wanda aka kafa a 1959 ya fara aiki a Arewa a 1960, bai ɗauki duka a matsayin laifi guda ɗaya ba. Sashe na 265 ya yi magana a kan far wa mutum da amfani da ƙarfi a kansa, hukuncinsa kuma ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba, ko tara, ko duka biyun, sai dai idan an nuna ya jawo rauni mai tsanani, inda ɗaurin ke iya kaiwa shekara uku. Sashe na 246, na ji wa mutum rauni da gangan ba tare da an tsokane ka ba, shi ma shekara ɗaya ce iyakarsa. Amma sashe na 247, na rauni mai tsanani, yana kaiwa shekara bakwai tare da tara, idan kuma da makami aka yi, sashe na 248 ya ɗaga shi zuwa shekara 14.

Inda maganarka ta ja hankalina shi ne haƙorin. Sashe na 241 ya lissafa abin da doka ke kira rauni mai tsanani, kuma karyewa ko gocewar ƙashi ko haƙori yana cikin jerin ƙarara, tare da rasa gani ko ji, da naƙasa fuska har abada, da raunin da ya hana mutum harkokinsa na yau da kullum har kwana ashirin. Saboda haka ina kyautata zaton an tuhumi maƙwabcin naku ne a ƙarƙashin sashe mai sauƙi, wataƙila don babu takardar likita a cikin fayil a ranar da aka gurfanar da shi. Da ya amsa laifi nan take, sai aka yi shari'ar a taƙaice, babu wanda ya kira ƙaninka ya buɗe baki alƙali ya gani. Kasancewarsa mai laifin farko da kuma rashin wahalar da kotu su ma suna sa a sassauta.

Hajiyar Gwammaja:
Lauya, ka yi bayani mai gamsarwa, amma ka tsallake abin da ya fi damun wannan bawan Allah, wato kuɗin magani. Mutane da yawa ba su san cewa tara ta gwamnati ce ba, ko kwabo ba ya shiga hannun wanda aka zalunta. Shekarun baya an yi wa ɗiyar yayata irin wannan a kasuwa, kuma abin da ya taimake mu shi ne mun adana kowane rasiti na asibiti da na kantin magani, muka miƙa wa ɗan sanda mai gabatar da ƙara tun kafin ranar hukunci, muka roƙe shi ya nema mana diyya a gaban alƙali. An yanke tara, an kuma umarci matar da ta yi dukan ta biya kuɗin jinya daban.

Lauyan Unguwa:
Gaskiyarki, Hajiya. Sashe na 78 na kundin ya ba kotu ikon umartar wanda aka samu da laifi ya biya diyya ga wanda ya cutar, ko a haɗa da wani hukuncin ko a madadinsa, sai dai alƙali ba kasafai yake yin hakan ba idan babu wanda ya nema kuma babu shaidar abin da aka kashe. Game da halin da ake ciki yanzu, Malam, sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a sake gurfanar da mutum a kan laifin da aka riga aka hukunta shi, kuma ɗaukaka ƙara a kan sauƙin hukunci hurumin masu gabatar da ƙara ne, domin a shari'ar laifi ƙaninka shaida ne kawai, gwamnati ce mai ƙara. Ƙofar da ta rage muku a buɗe ita ce ƙarar neman diyya ta farar hula, kuma amsa laifin da mutumin ya yi da bakinsa zai sa musu ya yi masa wuya.

Malam na Zaure:
Ni a ganina, da tun farko kotun shari'ar Musulunci kuka nufa, tunda dukkanku Musulmi ne, da lissafin ya bambanta. A fiƙihu raunin jiki haƙƙin wanda aka raunata ne, shi ke da zaɓin ƙisasi idan da gangan aka yi, kamar yadda aya ta 45 ta Suratul Ma'ida ta ambaci haƙori da haƙori, ko ya karɓi diyya, ko ya yafe. Diyyar haƙori ɗaya raƙuma biyar ce, wato kashi ɗaya cikin ashirin na cikakkiyar diyyar rai mai raƙuma ɗari, kuma kowa ya san wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne a yau. Duk da haka, mutumin nan maƙwabcinku ne, gobe ma a masallaci ɗaya za ku yi sahu. Ina ba ku shawara ku fara kai maganar gaban mai unguwa da limami, ku ajiye rasitan a gabansu, domin idan danginsa suka ji adadin da shari'a za ta iya ɗora masa, da kansu za su nemi sulhu.

Ɗan Fagge:
Na gode muku ƙwarai. Na je kotun yau na nemi kwafin takardun, kuma kamar yadda Lauya ya yi zato, sashe na 265 ne aka rubuta, babu takardar likita ko ɗaya a ciki, alhali mun karɓe ta kwana uku bayan an gurfanar da shi, tana nan a aljihun mahaifinmu. Ya ce a fara gwada hanyar Malam ranar Juma'a bayan sallah. Lauya, idan an cimma matsaya a gaban mai unguwa, wace irin takarda ya kamata a rubuta don kada a biya rabi a ce an gama?