Me za mu kira "sufa" ta Ostareliya da Hausa?

Malam Nasiru, Ringim:
Assalamu alaikum. Ana shirya takardar bayani da Hausa domin yaranmu masu zuwa Ostareliya karatu ko aikin jinya da bizar wucin gadi, da kuma iyayensu na gida. Kalmomi biyu ne suka tsaya mana a wuya. Ta farko abin da suke kira sufa, wato kason da doka ta tilasta wa mai ba da aiki ya zuba wa ma'aikaci a wani asusu ban da albashinsa, wanda ya kai kashi 12 cikin 100 tun daga 1 ga Yulin 2025. Ta biyu DASP, cire kuɗin nan bayan mutum ya bar ƙasar. A daftarin an sa "fansho" da "karɓar fansho". Raina bai kwanta da su ba. Masana, a taimaka.

Hajiya Binta, Kazaure:
Wa alaikumus salam. Malam, gara da ranka bai kwanta ba. Ka ce wa mutumin Roni ko Gwiwa fansho, abin da zai ji shi ne ɗan abin da ke shigowa duk ƙarshen wata bayan an gama aikin gwamnati. Sai yaro mai shekara 30 ya dawo gida ya naɗe hannu yana jiran tsufa, alhali kuɗinsa na can ba wanda zai aiko masa sai ya nema. Ga ɗan Ostareliya, gaskiya ne sai ya kai wajen shekara 60 yake taɓawa. Shi kuwa baƙo, da zarar bizarsa ta ƙare kuma ya fita, ƙofa ta buɗe. Kalmar da za ta sa mutum jira ba ta dace ba.

Alhaji Sabo, Ɗambatta:
To a ce "kuɗin sallama" mana. Mutanenmu na Saudiyya duk sun san shi.

Malam Nasiru, Ringim:
Ranka ya daɗe, sanin da suka yi masa shi ne matsalar. A Saudiyya ubangida ne ke biya daga aljihunsa ranar rabuwa: rabin albashin wata a kan kowace shekara ta biyar ɗin farko, cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan, kuma wanda ya ajiye aiki da kansa kafin shekara 2 ba ya samun komai. Sufa ba haka take ba. Kuɗin ya riga ya bar hannun mai ba da aiki, yana wurin kamfanin da ke juya shi, da sunan ma'aikacin. Ko da faɗa aka rabu, nasa ne. In muka ce sallama, yaro zai je yana bin tsohon ubangidansa bashin da ba ya hannunsa.

Auwalu, Gumel:
Baba Alhaji, da izininku. "Adashin gata" fa? Ko "adashin ritaya"?

Hajiya Binta, Kazaure:
Adashin gata ya riga ya zama sunan tsarin fanshonmu na nan a bakin 'yan jarida, inda a dokar 2014 mai ba da aiki ke zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8. A can ba a yankar albashin ma'aikaci dole, mai aikin ne kaɗai ke zubi. Kuma a adashi akwai kwasa bi da bi, nan babu. Ni "asusun ritaya" na fi so. Asusu kowa ya san ana jefawa a hankali, ba a taɓawa, kuma na mutum ɗaya ne.

Malam Nasiru, Ringim:
Wannan ta zauna. Saura ta biyun.

Malama Rabi, Birnin Kudu:
In dai asusu ne, ai Hausa ta riga ta ba mu aikatau ɗinsa: fasawa ake yi. "Fasa asusu". Kuma ya yi daidai da yadda abin yake, domin ba a ɗiban rabi a bar rabi don gobe, kwashewa ake yi a rufe. Sai dai duk sunan da aka zaɓa, a rubuta harajin a layi na gaba, don nan ne ake shan mamaki. Ga misali. Mai albashin dalar Ostareliya 70,000 a shekara, ana zuba masa 8,400. Shekara 3 ya tara 25,200. Tun wajen shiga asusun ake cire kashi 15, saura 21,420, in mun ajiye maganar riba da ladan kamfani da kuɗin inshora gefe. Ranar fasawa kuma a cire kashi 35, wato 7,497. Abin da zai shigo hannu 13,923. Wannan harajin na ƙarshe ne, ba ya dawowa ko da an cike takardar harajin shekara. Wanda ya gani a intanet an ce kashi 65 kada hankalinsa ya tashi, na masu bizar hutu da aiki ne, mai lamba 417 da 462. Namu yawanci 500 ce ta ɗalibai, ko 485 ta waɗanda suka gama karatu, ko 482 ta ƙwararru.

Alhaji Sabo, Ɗambatta:
Malama, "fasa" na da harshe biyu. Wani zai karanta ya ɗauka an fasa biya ne, kamar an fasa tafiya.

Malama Rabi, Birnin Kudu:
Gaskiya ne, Alhaji, a rubuce ba a ganin bambancin sauti. Amma in asusu ya biyo baya kunne ba ya ɓata. A karon farko sai a rubuta shi cikakke: "fasa asusun ritaya bayan barin ƙasa". Daga nan a taƙaita. Kuma a bar haruffan DASP kusa da shi, tunda su mutum zai nema a shafin hukumar harajinsu, ATO.

Auwalu, Gumel:
Tunda an zo nan, ga abin da ya kamata ya shiga ƙarƙashin kalmar. Sharaɗi uku ne: bizar ta daina aiki, mutum ya fita daga ƙasar, kuma ba ɗan Ostareliya ko New Zealand ba ne, ba shi da takardar zama na dindindin. Na farkon ne ke kayar da mutane. Wanda ya dawo gida saura shekara guda a bizarsa ba zai iya turawa ba, sai ta ƙare ko ya nemi ma'aikatar cikin gidansu ta soke ta. Wanda ke da niyyar komawa kuwa ya yi tunani kafin ya nemi sokewa.

Cikewa a shafin ATO kyauta ne, ba sai an ba wani ɗan tsakiya kamasho ba. Ana buƙatar lambar fasfon da aka shiga ƙasar da shi, lambar haraji ta TFN (ita ba dole ba ce), sunan kamfanin asusun da lambar mamba. Ana iya fara cikewa tun ana can a ajiye, sai an fito a tura. In komai ya cika, a ƙa'ida kwana 28 ne.

Hajiya Binta, Kazaure:
Ƙara musu da wannan, Auwalu. Idan kuɗin ya kai dala 5,000, kamfani kan nemi kwafin fasfo da aka tabbatar da hatimi. A yi shi tun kafin a hau jirgi, don can jami'an shaida suna yi cikin minti kaɗan. Daga Ɓaɓura ko Maigatari kuwa abin na iya zama tafiya har Abuja, inda ofishin jakadancinsu yake. Kada kuma a yi gaggawar rufe asusun banki na can ko a yar da layin waya. Ba kowane kamfani ke turo kuɗi waje ba, wasu sai dai banki na Ostareliya ko cak na dalarsu, kuma canza irin wannan cak a nan wahala ce. Sannan ɗalibin da ya yi aiki wuri uku zai iya samun asusu uku, kowanne da nasa neman, sai dai in ya haɗe su kafin ya taso. A duba sunan ma: Muhammad a fasfo, Mohammed a asusu, ya isa a tsayar da biya.

Malama Rabi, Birnin Kudu:
Kada kuma a tura da wuri. Zubin ƙarshe na mai ba da aiki yakan shigo bayan albashin ƙarshe, to a jira a gan shi a asusun tukuna. Akwai kuma maganar wata 6. In mutum ya fita, biza ta ƙare, wata 6 suka wuce bai nema ba, kamfani kan miƙa kuɗin ga ATO. Bai salwanta ba, ko bayan shekaru ana iya nema, amma ya daina juyawa a kasuwa, kuma ita hukumar ba ta turowa bankin waje. Wannan ma yana son suna.

Alhaji Sabo, Ɗambatta:
"Ajiyar da ba a nema ba." Ba "kuɗin tsintuwa" ba, don mai shi sananne ne.

Malam Nasiru, Ringim:
Allah ya saka da alheri. Abin da zai shiga takarda ke nan: sufa, "asusun ritaya", DASP, "fasa asusun ritaya bayan barin ƙasa", wanda ya koma hannun ATO, "ajiyar da ba a nema ba". Lissafin Malama Rabi zai zo a shafin farko. Kafin a buga za a karanta wa dattawa biyu uku a bakin masallaci ranar Juma'a, a ji yadda "fasa" ta faɗa musu a kunne. In ta rikita su, Alhaji, sai mu koma "kwashe".