Me za mu kira "kart shasha" da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a. Yau ina so mu yanke magana a kan wani suna da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Aikina zane ne da buga allunan talla a nan Jidda, kuma duk lokacin da na tashi yi wa yaran shago bayanin wannan abu, wato faifan da ake sokawa cikin kwamfuta don ya sarrafa hoton da ke fitowa a allo, sai Hausa ta tsaya mini a maƙogwaro. Bature ya ce girafik kad, ko GPU. Balarabe a kasuwa ya ce kart shasha (shasha ita ce allo), a rubuce kuma biɗaƙatur rusumiyyat. Mu da muka daɗe a nan mun lanƙwasa na kasuwa, muna cewa kartin shasha. Waɗanda ba su jima da zuwa daga gida ba, girafik kawai suke cewa.

Kada wani ya ce ai suna ne kawai. Ɗan yayata ya yi kusan shekara yana tara riyal, ya haɗa kwamfutar tebur don ya koyi manhajar zane ta Blender da rana, ya ɗan yi wasa da dare. Kwana biyu da haɗawa ya kira ni murya na rawa: "Kawu, an cuce ni, wasan sai tsinkewa yake, kamar ban sa komai ba." Na je na leƙa bayan akwatin. Igiyar HDMI tana soke a ramin sama, na madabod, wato babban faifan kwamfutar, shi kuwa katin da ya ci rabin kuɗinsa yana ƙasa yana zaman banza. Na tambaye shi dalili, ya ce shi a tunaninsa abu ne na gyara launin shasha, da zarar an maƙala shi shi ke nan. Na mayar da igiyar ramin katin, komai ya miƙe. Sunan ne ya ɓatar da yaron, domin ya nuna masa allo, alhali aikin ba a allo ake yin sa ba.

To mene ne aikin? Hoton da kake gani ɗigo-ɗigo ne. Allo na 1080p yana da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, jimilla 2,073,600. Na 4K yana da 8,294,400. In kana son motsi ya tafi sumul, dole a sabunta hoton sau 60 a kowace daƙiƙa, wato a 4K ana lissafin launin ɗigo kusan miliyan 500 a cikin daƙiƙa ɗaya. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda a nan ake kira mu'alij, ma'aikatanta kaɗan ne, 6 ko 8 ko 16, amma kowanne gwani ne da ya iya aiki kowane iri. Shi wannan kati dubban ƙananan ma'aikata gare shi, kowa da ɗan guntun aikinsa, duk a lokaci guda. Katin RTX 3060 na kamfanin Nvidia, na 2021, yana da 3,584. RTX 4090 na 2022 yana da 16,384. Duk sunan da bai ɗauko wannan ma'anar ba, a ganina bai kai ba.

Ga sunayen da jama'a suka kawo tun jiya da na fara tambayar me za mu kira shi da Hausa.

Mutum uku sun ce katin allo. Wannan Larabcin ne aka sa masa riga, kuma kuskuren da ya kama ɗan yayata yana nan a cikinsa. Na ajiye shi.

Katin hoto ya fi daɗin faɗa, amma ku je ku faɗa wa wata Hajiya a Hindawiyya ku ji me za ta miƙo muku. Ko iƙama, wato katin izinin zama, ko ɗan memorin waya.

Katin zane ne ya fi ba ni wahalar rabuwa da shi, don shi nake faɗa a raina shekara da shekaru. Ga mai AutoCAD ko Photoshop ya zauna daidai. Sai dai mai wasa ba zane yake yi ba, mai tace bidiyo ma haka. Ga shi kuma a rubuce ba ma sa alamar karin sauti, zanen alƙalami da zanen ɗaurawa duk ɗaya suke fitowa.

Ƙwaƙwalwar hoto kuwa ta yi karo da furosesa, wadda tuni mutane suka ba ta sunan ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ƙwaƙwalwa biyu a akwati ɗaya ruɗani za ta ƙara wa mai koyo.

Sai bayan isha'i wani dattijonmu da ke zaune a Shari'a Mansur a Makka ya aiko da saƙon murya. Bai taɓa buɗe cikin kwamfuta ba, amma ya saurari bayanin ɗigo-ɗigon nan da na yi. Ya ce: "Ɗana, wannan abin da kake faɗa ai saƙa ce. Zare dubu a jere, kowane da gurbinsa, a buga su tare, mayafi ya fito. Mu da muka tashi a gidan masaƙa mun san wannan."

Baba, Allah ya ƙara girma, wallahi na kasa barci da wuri saboda maganar nan. Abin da ya sa ta kama ni shi ne, su kansu injiniyoyin Nvidia daga saƙa suka aro kalmominsu. A CUDA, tsarinsu na ba katin aiki, kowane guntun aiki da ake ba ƙaramin ma'aikaci zare ake kiransa da Turanci. Zare 32 da ke tafiya tare da umarni ɗaya kuwa, sunan da suka ba su shi ne sunan zaren tsaye da masaƙi ke shimfiɗawa kafin ya fara jefa ƙoshiya. Baba bai san wannan ba, ya ji yadda aikin yake ne kawai ya gane sana'ar gidansu.

Kuma Hausa ta ba mu abin da Larabcin kasuwa bai bayar ba. Abubuwa biyu ne ake cakuɗawa. Akwai ɗan ƙaramin guntun da ke tsakiya, wanda shi ne GPU na ainihi, sunan da Nvidia ta yayata a 1999 lokacin da ta fitar da GeForce 256. Akwai kuma dukan faifan da kake saya a kwali ka soke a ramin PCI Express, mai ɗauke da guntun, da ma'ajiyarsa, da fankoki. Shi ya sa za ka ga kwali an rubuta Asus ko MSI ko Gigabyte, amma guntun ciki na Nvidia ne ko na AMD. Da "ma-" ɗin nan namu na farkon kalma, irin na mabuɗi da makaranta, magana ta rabu da kanta: guntun shi ne masaƙi, mai aikin. Faifan gaba ɗaya shi ne masaƙa, wurin aikin. Masaƙin hoto, masaƙar hoto.

Wani ƙanenmu ɗalibi a Jami'ar Musulunci ta Madina ya kawo suka mai nauyi. Ya ce: "Yaya, yanzu ai da waɗannan katunan ake horar da ƙirƙirarriyar basira, a baya ma an yi ta haƙar kuɗin intanet da su har suka yi tsada a 2021. In ka ɗaure su da hoto, gobe sunan zai yi musu kaɗan." Gaskiyarka ƙanena. Amma duba, wannan sukar katin zane da katin hoto ta fi kashewa. Namu in ka cire hoto, masaƙa tana tsaye da ƙafarta, domin abin da take nunawa shi ne yadda ake aikin, dubban zare a lokaci ɗaya, ko hoto ake saƙawa ko lissafi.

Na gwada ta yau a shago, don kalma sai ta shiga bakin masu aiki ake sanin ƙarfinta. Na ce wa yaro, "Masaƙar nan ta yi zafi, buɗe ka hure ƙurar." Ya gane nan take. Wannan kuma magana ce ta kullum a garin nan, ga zafi ga danshin teku ga ƙura. Da zarar masaƙi ya haura digiri 80 da 'yan kai, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, sai ka ga aikin da ya saba ƙarewa da wuri yana jan ƙafa. Na ce wa wani mai saye, "Wannan masaƙa wat 450 take ci, akwatin wutarka ba zai ɗauka ba." Bai tambaye ni me nake nufi ba. Har bambancin nan da ke wahalar bayani ya zo da sauƙi: akwai masaƙin cikin gida, wanda ke maƙale a jikin furosesa yana cin ma'ajiya ɗaya da ita, akwai kuma masaƙa mai zaman kanta. Ɗan yayata igiyarsa ya kai wa na cikin gida, ya bar mai zaman kanta.

Na san a kantunan titin Khalid bin Walid dole ka ce kart shasha, in ba haka ba mai kanti ba zai fahimce ka ba. Wannan ba damuwa. Tsakaninmu nake magana, da abin da za mu rubuta wa yara masu tasowa. Ni daga yau masaƙar hoto zan riƙa rubutawa, guntun ciki kuma masaƙi. Wanda bakinsa ya saba da kati ya ce katin masaƙa, ban ga laifi ba.

Saura guda da ban gamsu ba tukuna: ma'ajiyar da ke jikin masaƙar, wadda ake rubuta 8GB ko 12GB ko 24GB a kwali. Ga mai zanen gini da mai bidiyo ita ce takan fara cika, kuma in ta cika, komai ƙarfin masaƙi sai aiki ya riƙa jan ƙafa ko ya tsaya cak. Na rubuta rumbun zare na goge, domin rumbu ajiyar shekara ce, ita kuwa wannan da an kashe wuta take zubar da abin da ke cikinta. Baba, wane suna kuke ba abin da masaƙi ke ajiye zaren da yake aiki da shi a gefensa, wanda hannu ke kaiwa ba sai an tashi ba?