Yadda kafafen yaɗa labaran Amurka suka rabu biyu a kan gangamin ɗaliban Parkland

Malamar Firamare:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san aikin jarida. Na koma na kalli rahotannin da aka yi bayan harin 14 ga Fabrairu, 2018, ranar da wani tsohon ɗalibi ya harbe mutum 17 a wata makarantar sakandare da ke Parkland, jihar Florida. Da ɗaliban da suka tsira suka jagoranci gangami a Washington ranar 24 ga Maris, suna neman a tsaurara dokar mallakar bindiga, sai na ga tashoshin talabijin na CNN da MSNBC suna yaba musu, yayin da wasu masu sharhi a Fox News suka fi mayar da hankali kan tambayar wane ne ke zuga su. Abin ya tsaya mini a rai, domin ni ma yara nake koyarwa. Shin akwai ɓangaren da ke shirga ƙarya ne?

Tsohon Edita:
Wa alaikumus salam, Malama. Ba sai an yi ƙarya ba ake karkatar da labari, domin edita ne ke zaɓar hoton da za a nuna, da baƙon da za a gayyata, da sunan da za a kira masu zanga-zangar. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda aka bar buƙatar yaran aka koma kan su kansu. A intanet an yaɗa ƙagen cewa 'yan wasan kwaikwayo ne da aka yi haya, kuma Laura Ingraham ta Fox News ta yi wa David Hogg, ɗaya daga cikin ɗaliban, ba'a saboda wasu jami'o'i sun ƙi ɗaukarsa, har sai da kamfanoni suka fara janye tallarsu ta nemi afuwa.

Ɗalibin Shari'a:
Ranka ya daɗe, na yarda da kai, amma ɗaya ɓangaren ma yana da nasa laifin. Hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta amsa da bakinta cewa an tsegunta mata batun maharin tun a watan Janairu, ba ta bi diddigi ba, kuma ɗan sandan da ke gadin makarantar ya tsaya a waje da bindigarsa lokacin da ake harbin. Kafafen masu ra'ayin riƙau irin su Fox News sun nace a kan wannan sakaci saboda yana kawar da ido daga bindiga, su kuma masu sassaucin ra'ayi irin su CNN da MSNBC, a ganina, ba su ba shi nauyin da ya cancanta ba. Haka kuma ba duka iyayen mamatan ne ke goyon bayan taƙaita mallakar bindiga ba.

Malamar Firamare:
Na gode muku ƙwarai. Yanzu na karanta dokar da Florida ta kafa a watan Maris na shekarar, sai na tarar ta ɗaga shekarun sayen bindiga zuwa 21, ta kuma ba da damar wasu ma'aikatan makaranta su riƙe makami. A rahotannin da na kalla, kowace tasha rabin da ya yi mata daɗi ta fi jaddadawa.