Na ɗauki adashi, tafiyar Kano sai bayan wata biyu: ina zan ajiye kuɗin?

Maman Halifa, Garwa
Salamu alaikum jama'a, daga Garwa ta ƙasar Kamaru. Shawarar waɗanda abin ya taɓa ratsawa ta kansu nake nema. Ranar Juma'a na ɗauki adashinmu na 'yan layin atamfa, sefa miliyan 1 da dubu 800. Kaya zan saro a Kantin Kwari, amma ba zan iya fita ba sai bayan wata biyu, 'yata ce watan haihuwarta ya tsaya. Yanzu kuɗin suna waya, na raba su layi biyu, kuma wallahi barci ya ƙi. Ƙanin maigidana ya ce in canza su naira tun yanzu in tura wa dillalina ya riƙe. Ɗana ya ce akwai dalar intanet da ake saye a waya, ba ta faɗuwa. Banki kuwa ban taɓa buɗe asusu ba, kuɗin mahaifina sun maƙale a wani banki ina ƙarama, har ya koma ga Allah bai gan su ba. Wata biyu kawai nake so su kwana lafiya. Ya zan yi?

Ɗan Gashiga
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki sayi raguna. Rago ba ya buƙatar rezo (sabis ɗin waya), ba ya da lambar sirri.

Ummu Sadik
Malam, wata biyu ta ce, kuma a cikin gari take. Wa zai yi mata kiwon, wa zai sayi dusa?

Mai Canji Kusuri
Hajiya kada ki taɓa naira sai ranar tafiya. Farkon 2023 sefa dubu ɗaya muna ba da ita wajen naira 1,200. Da Tinubu ya hau ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi farashinta da kanta, kafin shekara ta zagayo sefa dubu ta haura naira 2,000 da nisa. Wanda ya kwana da naira a lokacin ya tashi da rabin jarinsa. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowace yuro ɗaya, ba ta wannan rawar. Yau da safe na ba da 2,600.

Bala Mubi Road
2,600 a ina? Jiya na canza a kan iyaka, 2,400 aka ba ni, kuma sai da na yi ciniki.

Mai Canji Kusuri
To an ci da kai. Ko kuma tsabar kuɗi ka karɓa. Farashin tsaba daban, na turawa asusu daban.

Bala Mubi Road
Turawa aka yi. Ku dai kowa da farashin da ya yi mafarki da shi.

Albasa Marwa
Hajiya, ki yi haƙuri zan yi tsawo. Maganar ɗanki ce ta sa na kasa wucewa. Ni ma ɗan ƙanwata ne ya zo mini da waya a hannu. Shekarar na sayar da albasa da kyau, na loda mota zuwa kudu sau biyu, na dawo da sefa miliyan 2 da ɗoriya. Ya nuna mini wata manhaja, ka sa kuɗi, kullum ka danna wani wuri sau uku, da yamma a ƙara maka riba. Na gwada da dubu 50. Bayan sati na cire, sun fito har da ƙari, na riƙe su a hannuna na ƙirga. Daga nan hankalina ya tafi. Na zuba miliyan ɗaya da rabi.

Abin da ya fi ci mini rai ba nawa ba ne. Sun ce in ka kawo mutum za a ba ka kaso. Na kawo mutum tara. Cikinsu har da surukata, tsohuwa mai sayar da ƙuli da man gyaɗa, ta kwance dubu 120 daga bakin zani ta ba ni, ta ce tunda kai ne. Akwai zaure da aka sa mu a WhatsApp, kullum ana turo hotunan waɗanda suka cire, ana ta Allah ya ƙara buɗi. Wata Laraba aka ce ana gyara, a jira awa 48. Sai aka ce duk mai son cirewa ya fara biyan dubu 30 na tantancewa. Na biya, don ina son in fito da na tsohuwar ko da nawa sun tafi. Ranar Asabar zauren ya rufe, lambobin duka a kashe.

Na je na kai ƙara. Aka tambaye ni sunan kamfani da inda ofishinsa yake. Ba ni da komai sai hoto a waya. Na sayar da injin ban-ruwa da babur na biya surukata da mutum biyu. Sauran shida har yau in na hango su a masallaci sai in canza sahu. Matata ta yi wata huɗu a gidansu. Ni dai a wurina wayar nan ita ce ta cinye ni, da ba ta shigo ba da ina nan da gonata da mutuncina.

Ummu Sadik
Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri Yaya. Biyan tsohuwar nan da ka yi ba ƙaramin abu ba ne.

Kwamfuta Ngaundere
Allah ya mayar. Amma a gaskiya abin da ɗan Hajiya yake nufi daban ne. Dalar intanet, wadda ake kira USDT, ba ta ba ka riba, darajarta kawai take bin dalar Amurka. Abin da ya same ka irin MMM ne da ya rufe da kuɗin mutane a Najeriya a Disambar 2016, kuɗin sabon shiga ake biyan tsoho da su. Waya ba ta da laifi a nan.

Albasa Marwa
Haka yaron nan ma ya ce mini, wannan daban ne. Kowanne daban ne sai ranar da ya rufe.

Malam Tija Mai Ritaya
Ɗana na Marwa, na tausaya maka, amma ka sauke wa waya wannan kaya. A 1993 sau biyu aka yanke mana albashi a shekara ɗaya. Ba mu farfaɗo ba, Janairun 1994 aka taru a Dakar aka karya sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa da yake sefa 50 ya koma 100. Na kwanta da kuɗin kwanon rufi na ɗaki uku, na tashi ba su kai na biyu ba. A lokacin ko wayar tangaraho sai ka je gidan waya. Wa ya danna mana wani abu? Manya suka zauna da asusun IMF da Faransa suka sa hannu, mu muka biya. Shi ya sa mai canjin da yake cewa sefa ba ta rawa, ni na ga ranar da ta faɗi warwas. Hajiya, mahaifinki ba shi kaɗai ba ne, bankuna da dama sun durƙushe a ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990. A kan haka ne ma aka kafa hukumar COBAC mai sa ido a kansu a 1990.

Mai Canji Kusuri
Baba da girmanka, shekara talatin ke nan da wani abu. Hajiya wata biyu take tambaya.

Malam Tija Mai Ritaya
Mu ma ana gobe za a karya ta cewa ake ba za a karya ba.

Abu Hafsa
Ni ba na ganin laifin Faransa ko na waya a labarin Marwa. Riba ce ƙarara. Kuɗi su haifi kuɗi ba saye ba sayarwa, ba ka san me ake juyawa ba, ai ruwa ba ya tsami banza. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ummu Sadik
Haba Abu Hafsa. Mutum ya buɗe cikinsa don ya tsare wata, sai ka ɗora masa wa'azi a kan ciwo? Tsohuwa mai ƙuli ita ma kwaɗayi ne? Amana ta bi. Kuma ina masu kula da harkar kuɗi suke lokacin da ake tallar abin nan a fili wata da watanni? Tun Janairun 2022 ana cire mana harajin kashi 0.2 cikin ɗari a kowane turawa da cirewa ta waya. Wanda ya iya ganin kuɗina ya yanki nasa, ya iya ganin inda ɓarawo yake tara na mutane.

Kwamfuta Ngaundere
A nan ina tare da ke Anti. Ko a Amurka, da bankin Lehman Brothers ya rushe a Satumbar 2008, cewa aka fara yi talakawa ne suka ci bashin gidan da ba za su iya biya ba. Amma wa ya ba su bashin yana sane? Wa ya ƙulla basussukan ya sayar wa duniya a matsayin kaya mai kyau? Manyan bankuna aka ceto da kuɗin gwamnati, masu gidaje aka kora waje.

Ɗan Gashiga
An tafi Amurka kuma. Hajiya ki kawo kuɗin in ajiye miki a ƙarƙashin katifa kafin su dawo, ladan ajiya turmi ɗaya na atamfa.

Bala Mubi Road
Katifa? Ka tambayi waɗanda suka ajiye naira a katifa lokacin canjin kuɗi na Emefiele, gwamnan babban bankin Najeriya na wancan lokaci. Farkon 2023 ina da tsofaffin takardu na naira dubu 600 a nan gefenmu, ba ni da asusu a can. Na ba da su da asarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu don tsoron wa'adi. A watan Maris kotun ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin. Wanda ya saya a hannuna shi ya ci. Lokacin mai asusu a waya shi ne sarki a kasuwa.

Abu Hafsa
Ni shawara daga wanda ya riƙe jarinsa nake ɗauka, ba daga waɗanda kowa ya zo da labarin asara ba.

Albasa Marwa
Wanda bai taɓa faɗawa rijiya ba ai bai san zurfinta ba, Malam. Ni ban ce ta bi ni ba, cewa na yi kada ta bi inda na bi.

Hajja Njamena
'Yar uwa, ni abu ɗaya zan ƙara. Kuɗi a waya naki ne muddin akwai rezo. Mu nan Chadi daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019 an toshe WhatsApp da Facebook, wata 16. Ni turare da lalle nake sayarwa, masu sayena a waya suke ganin kaya. Sai da VPN, manhajar zagaye toshewar, shi kuma yana shan mega kamar rakumi ya samu ruwa. Kafin nan ga faɗuwar farashin ɗanyen mai tun 2014, gwamnati ta fito da matakai 16 na tsuke bakin aljihu a 2016, aka rage wa ma'aikata alawus, matansu suka daina saye. Mu da ba mu ga kuɗin man ba lokacin da yake tsada, mu aka fara tuna wa da ya faɗi. Kada ki bar duka a layi. Kuma in an kira ki an ce daga kamfani ne, an turo kuɗi bisa kuskure ko za a gyara miki asusu, ki kashe. Lambar sirrinki ko ɗanki kada ya sani.

Maman Halifa, Garwa
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yayana na Marwa, na karanta wa ɗana labarinka, ya yi shiru. Naira na fasa. Amma har yanzu ban ji wanda ya ajiye kuɗi masu yawa haka a layi wata biyu ya cire lafiya ba. Kuma nawa za a ci a kaina in zan cire miliyan ɗaya?

Ummu Sadik
Ni na taɓa barin dubu 700 wata uku, ba abin da ya same su. Wahalar a cirewa take, sai da na zaga wuri huɗu, kowa ya ce ba shi da tsaba. Abin da aka ci bai kai dubu 5 ba.

Bala Mubi Road
Dubu 5? Ni dubu 500 na cire kashi-kashi, na ƙirga kusan dubu 8 ta tafi. Wani ma sai ya ce ka ɗora masa wani abu a kai in kuɗin da yawa.

Kwamfuta Ngaundere
Ba shi da hurumin ƙara komai, kuɗin cirewa daga asusunka ake yanka. Ku daina biya.

Bala Mubi Road
In mota tana jiranka a tasha za ka biya. Kuma ranar 14 ga Maris 2024 da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke, ina kake? Dillalina ya rantse bai ga kuɗi ba, ni kuma an cire a wajena.

Hajja Njamena
Ku da kuke da teku ma kuna kuka. Namu intanet ɗin ta ƙasarku yake biyowa, in an yanke waya a hanyar ku mu ne a duhu. Ga tsada. Mega na sati ba ya kai mini kwana uku.

Ɗan Gashiga
Nan ma haka. Ka sayi na kwana bakwai, wuta ta ɗauke, eriyar unguwa ta mutu, kwanakin suna tafiya ba wanda zai mayar maka. Ga madatsar Lagdo a bayan gidanmu, amma da zafi ya shigo sai a ce ruwa ya ja baya. Jiya sefa 100 na biya aka yi mini cajin waya a shagon mai janareta.

Mai Canji Kusuri
100? Nan 200 ne tunda zuwa-zuwa, wato fetur ɗin sumoga daga Najeriya, ta yi tsada. Da lita ba ta kai 400 ba, yanzu ba ta da nisa da ta gidan mai da ake sayarwa 840.

Malam Tija Mai Ritaya
Unguwarmu yau kwana uku ke nan sai ƙarfe biyun dare ake kawo wuta, kafin asuba an ɗauke. Jikata ce take tashi ta jona mana wayoyi. Akwai wanda ya sa ƙaramin sola na caji da fitila biyu? Nawa ya tsaya masa, kuma batirin yana kai shekara?