An zalunci Padmaavat ko kuwa?

Nura Fagge: Salamu alaikum 'yan gida. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau sai na faɗe shi. Na sake kallon fim ɗin Padmaavat, sai na bi sawun abin da masu sharhin fina-finai na Indiya suka rubuta lokacin da ya fito a Janairun 2018. Wai har da mai ba shi tauraro biyu da rabi cikin biyar. Wannan ya ce ya yi tsawo, wancan ya ce ado ya rinjayi labari. Haba jama'a! Daraktan fim ɗin, Sanjay Leela Bhansali, fa aka mara a wurin ɗaukar fim a Jaipur, aka cinna wa kayan aikinsa wuta a Kolhapur, aka yi barazanar yanke hancin Deepika, jarumar da ta fito a sarauniya Padmavati, ya daure ya kammala, sannan ku zo kuna ƙirga masa mintoci? Hassada ce zalla. Ni ban taɓa ganin fim ɗin tarihi da ya kama ƙafar wannan ba. Mai ja ya fito.

Sadiq Ranveer: Faɗa musu dai Oga Nura.

Malam Habibu: Wa alaikumus salam. Nura, cire kalmar tarihi tukuna, sai mu yi magana.

Nura Fagge: Malam, an fara ke nan. Me tarihin ya yi?

Malam Habibu: Bai yi komai ba, babu shi ne a ciki. Sarkin Delhi Alauddin Khilji ya ci garin Chittor da yaƙi a 1303, wannan tabbas ne. Amir Khusrau, mawaƙin fadarsa, da shi aka je yaƙin, ya kuma rubuta labarinsa, amma ko sau ɗaya bai ambaci wata sarauniya Padmavati ba. Sunanta ya fito ne a waƙar wani sufi, Malik Muhammad Jayasi, wadda ya rubuta a 1540. Ka lissafa da kanka, shekara 237 tsakani. A cikin waƙar har da aku mai magana wanda ya kai wa sarkin Chittor, Ratan Singh, labarin kyawunta. Wannan shi ne tarihin naka?

Issoufou Damagaram: Aku kuma? To a fim ɗin ban ga aku ba.

Malam Habibu: Sun cire shi don kada a gane.

Nura Fagge: Malam, Chittor tana nan a Rajasthan, ganuwarta tana nan, sarki Ratan Singh an yi shi, Khilji an yi shi. Idan an yi gari an yi yaƙi an yi sarakuna, me ya rage kafin abu ya zama tarihi?

Malam Habibu: Matar ce ta rage. Kuma a kanta aka gina fim ɗin gaba ɗaya.

Zee Kaduna: Ai ko mu nan Bayajidda tarihi muke ce masa, wa ya ga rubutun wanda ya raka shi rijiya?

Issoufou Damagaram: Zee, kada ki ja mana Daura cikin wannan rigimar don Allah.

Malam Habibu: Shi kansa Bhansali bai ce tarihi ba ne. Kafin a fara fim ɗin akwai rubutun da aka sa cewa ba sa iƙirarin daidaito da tarihi. Hukumar tace fina-finan Indiya ma ita ta sa aka sauya sunan daga Padmavati zuwa Padmaavat, sunan waƙar Jayasi, don a nuna daga waƙa aka ɗauko. Mai kaya ya ce ba tarihi ba ne, ɗan kallo a Fagge ya ce sai tarihi.

Nura Fagge: Tsoro ne ya sa shi rubuta haka. Kai ma da 'yan Karni Sena, ƙungiyar 'yan ƙabilar Rajput da ta yi adawa da fim ɗin, suka yi maka abin da suka yi masa, ka rubuta fiye da haka.

Sadiq Ranveer: Ni wa ya taɓa karanta rubutun farkon fim? Wucewa nake yi.

Kabiru Sabon Gari: Ni ba akun ba ne damuwata. Ku dubi yadda aka mayar da Khilji. Sarkin Delhi guda, an lafta masa kwalli, an yafa masa fatar dabba, yana yagar nama da hannu bibbiyu maiƙo na zuba a gemu, fadarsa kullum cikin duhu. Can kuwa fadar Rajput ta Ratan Singh fes, fitilu, farin kaya, magana a natse. Wanda bai gane saƙon ba ya ƙi ganewa ne. Shi ya sa Maleshiya ta hana nuna shi. Masu sharhin da Nura yake zagi, da yawansu wannan suka faɗa, kuma gaskiya suka faɗa.

Sadiq Ranveer: Yaya Kabiru, wannan cin naman shi ne fim ɗin! Ka cire Ranveer da ya fito a Khilji ka ga idan wani zai kai ƙarshe bai yi barci ba. Rawar Khalibali kaɗai ta biya kuɗin data.

Kabiru Sabon Gari: Kai rawa kake gani, mu ɓata suna muke gani. Bawan Allahn nan shi ya tare Mangol da suka yi ta kawo wa Indiya hari, ya ƙayyade farashin hatsi a kasuwannin Delhi. Sarki adali aka mayar mahaukaci.

Malam Habibu: Kabiru, tsaya nan. Tare Mangol gaskiya ne, ƙayyade farashi gaskiya ne, ƙofar Alai Darwaza da ya gina a 1311 tana nan a Delhi har gobe. Amma adali? Mutumin da ya kashe baffansa Jalaluddin, wanda kuma surukinsa ne, ya hau kujerarsa a 1296? Wannan ba Bhansali ne ya ƙirƙira ba. Kuma bayan ya ci Chittor an yi kisa mai yawa, mawaƙinsa da kansa ya rubuta.

Kabiru Sabon Gari: Malam, kai wai ɓangaren wa kake?

Malam Habibu: Ɓangaren a cire kalmar tarihi.

Kabiru Sabon Gari: Ni dai wani abokina da ya yi karatu a Indiya ya ce mini duk ƙarya ce aka yi wa Khilji.

Zee Kaduna: Me ya karanta a can?

Kabiru Sabon Gari: Harhaɗa magunguna. Amma ya zauna da su.

Auwal Admin: Ina bin ku. Abin da ba wanda ya faɗa har yanzu shi ne Shahid Kapoor, wanda ya fito a Ratan Singh. Natsuwa ta fi hayaniya wuyar wasa. Ku ci gaba.

Sadiq Ranveer: Admin, Shahid tsayuwa kawai ya yi yana maganar mutuncin Rajput har aka harbe shi ta baya. Ranveer ne ya ɗauki kyautar Filmfare ta masu sharhi a kan wannan fim, ba shi ba.

Auwal Admin: Ashe yanzu masu sharhin sun zama mutanen kirki? Ɗazu kai ne ka ce wa Nura ya faɗa musu.

Sadiq Ranveer: Akwai na kirki a cikinsu.

Maman Ilham: Ku duk kun bar babbar magana. Shi wannan Ratan Singh da Admin yake yabo, me ya kai shi Singhal tun farko? Lu'ulu'u ya je nemo wa uwargidansa Nagmati. Aka aike shi sayen sarƙa ya dawo da amarya. Yarinya ta harbe shi da kibiya tana farautar barewa, shi ke nan ya manta da aiken. Daga nan uwargida ta koma 'yar kallo a gidanta, ana rawar Ghoomar tana zaune. Ni tun daga wurin nan fim ɗin ya fita raina. Idan tarihi kuke nema, wannan ne kaɗai tarihin da na yarda da shi, don har yau maza ba su sauya ba.

Hajiya Turai: Maman Ilham, Allah ya yi miki albarka. Babu mai sharhin da ya tausaya wa Nagmati.

Issoufou Damagaram: Hajiya, ai sarki ne, kuma bai saki uwargidan ba.

Hajiya Turai: Issoufou, matanka nawa?

Issoufou Damagaram: Biyu, alhamdu lillahi.

Hajiya Turai: To ka yi shiru, kai mai laifi ne a shari'ar nan.

Zee Kaduna: Anti, amma fa amaryar ce ta je har Delhi ta kuɓutar da shi da aka kama shi. Uwargida tana gida tana mita.

Maman Ilham: Wa ya jawo kamun? Ba saboda amaryar aka kama shi ba? Ke Zee ba ki yi aure ba, ki bari sai kin shiga.

Zee Kaduna: Ni me ya kawo aurena cikin Padmaavat?

Nura Fagge: Jama'a, maganata a kan masu sharhi ce fa.

Bilkisu BUK: Yaya Nura, to bari in dawo maka da ita. Ka ce hassada. Ƙarshen fim ɗin fa? Ɗaruruwan mata cikin jajayen kaya suna tafiya a jere za su faɗa wuta don kada a kama su, har da mai tsohon ciki, har da ƙaramar yarinya an riƙe mata hannu. An sa kiɗa mai tashin tsikar jiki, an rage gudun hoto, an haska fuskar Deepika tana murmushi. An ƙawata abin har mai kallo ya ji sun burge shi. Wannan al'adar ta jauhar ita 'yar fim Swara Bhasker ta rubuta wa Bhansali buɗaɗɗiyar wasiƙa a kanta, tana cewa mace tana da haƙƙin rayuwa ko mijinta ya mutu, ko an ci zarafinta. Ita 'yar cikin masana'antar ce. Me za ta yi wa hassada?

Nura Fagge: Ba a saka ta a fim ɗin ba, shi ya sa.

Bilkisu BUK: Hujjarka?

Nura Fagge: Sanin halin 'yan fim.

Bilkisu BUK: Kuma ba gaskiya ba ne cewa duk sun kushe shi. Yawancinsu sun yaba hoton Sudeep Chatterjee, sun yaba kaya da gine-gine, sun yaba Ranveer. Labarin da saƙon suka soka. Fim ɗin ya tara fiye da rufi biliyan 5 na kuɗin Indiya, ya ci kyautar ƙasa uku: kiɗa, tsara rawar Ghoomar, da Arijit Singh a waƙar Binte Dil. Wane irin zalunci ne wannan?

Nura Fagge: To kin gani, jama'a sun ƙaryata su.

Malam Habibu: Ciniki ba ya mayar da waƙa tarihi. A waƙar Jayasi ma ba Khilji ne ya kashe Ratan Singh ba, wani sarkin Rajput ne mai suna Devpal, shi ma saboda son matar. Bhansali ya share wannan gaba ɗaya. Don haka fim ɗin bai bi tarihi ba, bai kuma bi waƙar ba.

Kabiru Sabon Gari: Yauwa! Sun ɓoye nasu sun lafta wa namu.

Malam Habibu: Kabiru, Khilji ba naka ba ne, Baturke ne da danginsa suka zauna a Afganistan.

Baba Ɗanlami: Yara, ku kuna gardama a kan fim ɗin da aka zana rabinsa da kwamfuta. Har cikin Deepika a rawar Ghoomar da kwamfuta aka rufe shi bayan an yi ƙorafi. Mu da muka ga Mughal-e-Azam a majigin sinima, Dilip Kumar da Madhubala, sojoji na gaske, dawakai na gaske, mu ne za mu ba ku labarin fim ɗin tarihi.

Malam Habibu: Baba, da girmanka, ita ma Anarkali, wadda Madhubala ta fito a matsayinta, masana suna ja a kan ko an yi ta.

Baba Ɗanlami: Habibu, ban san ka da rashin kunya ba.

Malam Habibu: Allah ya huci zuciyarka Baba.

Sadiq Ranveer: Matsalar gidan nan rabinku fassara kuke kallo, ba ku jin Indiyanci, sannan ku zo kuna sharhi.

Maman Ilham: Kai da ka ce ba ka karanta rubutun farkon fim? Indiyancin naka bai wuce kalma biyar ba, uku a ciki sunayen abinci ne.

Issoufou Damagaram: Mu a Damagaram mun riga ku fara jin Indiyanci.

Sadiq Ranveer: Wa ya tambaye ka?

Nura Fagge: Wallahi na yi nadamar kawo maganar nan. Ba wanda ya amsa abin da na tambaya.

Auwal Admin: To jama'a, dare ya yi, zan rufe. Ga abin da aka cim ma. Nura ya kawo ƙorafi a kan masu sharhi, kuma an fahimci cewa babban zaluncin da suka yi shi ne yadda suka ruɗe da hayaniyar Ranveer suka manta da Shahid Kapoor, wanda shi ne ya riƙe fim ɗin da natsuwarsa. Ba wanda ya kawo hujjar da ta rushe wannan. Maganar tarihi, Malam Habibu ya yi dogon bayani, Allah ya saka, amma tunda shi ma ya yarda an yi sarki Ratan Singh, rawar da Shahid ya taka tana nan daram. Batun uwargida kuwa son zuciya ne irin na mata, kuma sarki bai yi abin da ya saɓa wa sarauta ba. Bilkisu ta kawo alƙaluma, mun gode. Kabiru ya kawo abokinsa. Sadiq ya yi wa manya rashin ladabi, na cire shi na kwana biyu. Habibu ya nemi gafarar Baba, an wuce wurin. Mako mai zuwa za mu tattauna finafinan Shahid guda biyar da aka danne.

Hajiya Turai: Auwal, son zuciyar wa? Buɗe mana gidan nan.

Auwal Admin: An rufe, Hajiya. Sai da safe.